Katako, alminiyom ko faiba: zaɓen ɗakin goyo na a-kori-kura da zai daɗe

Ɗakin goyo shi ne ɗakin kwana da girki da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, a ɗaure shi tamau a yi tafiya da shi, in an dawo a sauke shi a kan ƙafafunsa huɗu, mota ta koma aikinta. Ba shi da taya, ba shi da birki, ba shi da inji. Wannan ya sauke wa mai shi ɗawainiya mai yawa idan aka gwada da wanda ake ja kamar tirela, sai dai ya jawo masa wata. Duk jijjigar da mota ta sha, da duk murɗewar da shasinta ya yi a hanya mai gargada, a jikin ɗakin suke ƙarewa. Abu biyu ne ke kashe irin wannan ɗaki: nauyi da ruwa. Firji ko famfo ko fitila in sun mutu, yini ɗaya ya isa a canza su. Amma ɗakin da ya fi ƙarfin motarsa, ko wanda ruwa ya shekara biyu yana kwana a cikin bangonsa, gyaransa kan kusa cinye kuɗin sayen wani.

Mota ce ke fara zaɓa

Kafin ka leƙa cikin kowane ɗaki, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙinta. Nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta ɗauka. Kada ka dogara da adadin da ke cikin talla, domin na motar da ba a ƙara mata komai ba ne. Babban injin dizal, da ƙofa huɗu, da giyar da ke jan taya huɗu, kowanne yana cin wani abu daga wannan adadi. A wurin kuma za ka ga haruffan GVWR, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke kanta, da GAWR, wato iyakar abin da aksul na gaba da na baya kowanne zai ɗauka.

Shi kuwa nauyin da kamfanin ɗaki ke bugawa, busasshen nauyi ne: babu ruwa, babu gas, sau da yawa babu batir, babu kuma ƙarin kayan da aka saka bisa buƙatar mai saye. Mu ɗauka an rubuta kilo 1,100. Tankin ruwa mai lita 115 ya ƙara kilo 115, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Tukunyar dafa ruwan wanka ta ƙara 23. Silindar gas biyu masu cin kilo 9 kowacce, a cike, wajen 34. Batir biyu na dalma wajen 56. Na'urar sanyaya ɗaki da rumfa da farantin sola, a ce 70. Maɗauran da ke ɗaure ɗakin a jikin mota da ƙarafunansu 30. Abinci da tufafi da tukwane da kayan gyara ba sa gaza 200 ga masu doguwar tafiya. Mutum biyu 150. An doshi kilo 1,780 ke nan, daga ɗakin da aka ce 1,100 ne. Motocin da ake kira masu rabin tan yawanci abin da suke ɗauka bai cika wuce kilo 600 zuwa 1,000 ba, don haka wannan ɗaki ba nasu ba ne ko kusa.

Abin da ke fara gajiya shi ne tayoyin baya, tunda kusan duk nauyin a kansu yake sauka. Duba adadin da aka rubuta a gefen taya, ka ninka biyu, shi ne iyakarka a baya komai ƙarfin sifirin. Balan-balan na iska da ake sakawa a ƙarƙashin mota, da ƙarin gashin sifirin, da sandar hana tangaɗi, suna gyara tsayuwar mota da yadda take cin kwana, amma ba sa ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da aksul da birki da taya za su iya. Masu sayarwa da yawa kan shafe wannan magana, alhali ita ce maganar da ran mutum ke kanta.

Akwai kuma cibiyar nauyi. Kamfanonin kirki suna yi mata alama a gefen ɗakin, ko su faɗi nisanta daga bangon gaba. Dole ta faɗo a gaban aksul na baya ko daidai kansa. In ta faɗa bayansa, gaban mota ya yi sakayau, sitiyari ya rage kama ƙasa, birki ya ƙara nisa, shasi kuma yana lanƙwasuwa a tsakanin kan mota da bodi. Ɗakin da aka yi wa bodi mai tsawon mita 2.4 ba a ɗora shi a kan mai mita 1.7 don kawai ya shiga. Idan mai sayarwa ya yarda, a kai motar sikelin manyan motoci sau biyu, ba ɗaki da kuma da ɗaki, a auna kowane aksul daban.

Abin da ke cikin bango

Nan ne gardama ta fi yawa, nan ne kuma talla ta fi ruɗar mutane. Gini huɗu ake samu.

Na farko ƙashin katako. Ana haɗa siraran katakai da gam da ƙusa ko sukuru, a cusa audugar gilas a tsakani don tare zafi da sanyi, a rufe da kwanon alminiyom mai ƙwarya-ƙwarya ko shimfiɗar faiba, wato robar da aka ƙarfafa da zaren gilas. Shi ne tsohon gini, kuma har yanzu akwai masu yin sa da gangan, irin su Northstar a Amurka. Katako yana riƙe sukuru da kyau, yana ɗan lanƙwasa ya dawo ba tare da ya tsage ba, ba ya kuma jawo sanyi daga waje. Kafinta mai hankali zai iya ɓare kwanon, ya yanke abin da ya lalace, ya dasa sabo, ya mayar. Aibinsa ɗaya ne amma babba: ruwa. Audugar gilas tana shan ruwa ta riƙe, ta zauna a kan katakon wata da watanni, kuma daga waje ba abin da za ka gani har sai sukuru sun fara juyawa a banza.

Na biyu ƙashin alminiyom. Ana yin waldar bututun alminiyom masu kusurwa huɗu, a cika tsakaninsu da busasshen soso mai tauri, a shafa gam, a manna siririn filawud ciki da waje, a ɗora fatar faiba, sannan a matse duka su zama falle ɗaya. Bangon yakan fito sumul, da kyan gani. Alminiyom ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma wannan rabin labari ne. Siririn filawud ɗin da ke bayan fatar faiba yana ruɓewa. Da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, gam ya saki, fatar ta tashi kamar bororo. Wannan sakin fata shi ne ciwon wannan gini, kuma gyaransa ya fi na katako wuya nesa ba kusa ba, domin bangon a masana'anta aka matse shi, ba a warware shi da sukudireba. Shi ya sa wasu kamfanoni, kamar Lance, suka koma saka wani falle na roba da zaren gilas mai suna Azdel a madadin filawud. Ba ya shan ruwa, ba ya kumbura. Idan ginin alminiyom za ka saya, tambayi abin da ke bayan fatar kafin ka tambayi launin labule.

Sauran lahaninsa uku ne. Bututun siriri ne, zaren sukuru ɗaya ko biyu kawai ke kama shi, don haka masu aikin ƙwarai suna cusa katako ko ƙarfe a cikinsa a duk inda za a ɗaura jak, wato ƙafafun da ke ɗaga ɗakin, ko maɗauri, ko kabad. Na biyu walda: zafinta yana rage ƙarfin alminiyom a gefen ɗinkin, kuma alminiyom ƙarfe ne da ke gajiya da yawan jijjiga har ya tsage. Waldar da aka zagaye haɗin da ita daban take da wadda aka ɗiga a gefe ɗaya aka wuce. Na uku, alminiyom ya fi katako wuce da zafi fiye da sau dubu. A daren sanyi za ka ga zanen ƙashin ɗakin ya fito a bango da layin raɓa, wannan raɓar kuma tana gangarawa bayan katifa da cikin kabad. Kada kuma ka ɗauka lallai ya fi na katako sauƙin nauyi. Sau da yawa bambancin kaɗan ne, kuma bene da fikafikan da ke hawa kan gefen bodi filawud ne a yawancinsu.

Na uku ƙwaryar faiba. Ana zuba shi a mazubi mai siffar ɗakin kamar yadda ake yin jirgin ruwa, sama guda, ƙasa guda, a kifa na sama a kan na ƙasa kamar faifai a kan ƙwarya, haɗi ɗaya tak a kugu. Northern Lite da Bigfoot na Kanada da wannan aka san su. Babu ɗinki a kusurwar rufi, babu a goshin da ke leƙowa saman kan mota, babu inda bango ya haɗu da rufi, kuma waɗannan wurare ne ruwa ya fi bi a sauran gine-ginen. A ganina, ga wanda ɗakinsa zai kwana a waje shekara da shekaru, wannan ginin ya fi kowanne kwanciyar hankali. Sai dai a fahimta: tagogi, da ramin fanka, da murfin firji, da fitilu duk huda ƙwaryar aka yi aka saka su, kuma akwai katako a ciki wurin da aka kafa kaya. Yana yoyo in an yi sakaci, illa dai wuraren dubawa sun ragu ƙwarai. Fatarsa mai sheƙi tana dushewa da rana, tana son wanki da shafa kakin goge mota kamar sau biyu a shekara. 'Yan siraran tsage kamar saƙar gizo a kusurwar taga yawanci a fata suka tsaya. Tsagar da farce ke shiga, ko wadda ke kusa da jak, wannan sai an bincika. Yana da tsada, kuma yawanci ba ya zuwa da ɓangaren da ke zamewa waje kamar aljihun tebur, amma masu gyaran jiragen ruwa na faiba sun iya ɗinke shi.

Na huɗu shi ne sabon yayi: falle mai fatar faiba ciki da waje, tsakiya soso mai tauri ko saƙar roba irin ta gidan zuma, babu ƙashi ko kaɗan. Ana haɗa fallayen da gam mai ƙarfi da ƙarafunan kusurwa. Ba abin ruɓewa, ba hanyar da sanyi zai bi, ga rashin nauyi. Ƙarfinsa duka a gam yake, gam kuma ba ya yafe ƙazantar wuri ko gaggawa a ranar haɗi, kuma mai saye ba shi da hanyar ganin yadda aka yi. Soso ba ya riƙe sukuru, saboda haka duk abin da za a ɗaura sai an binne masa ƙarfe tun a masana'anta. Yawancin masu yin sa ƙananan kamfanoni ne. Nemi ganin ɗakinsu da ya shekara biyar a hanya, ba wanda ke ɗakin nuni ba.

Da za a jera su, katakon da aka gina da kyau kuma ake duba shi ya fi alminiyom da aka yi wa aikin gaggawa. Kayan gini ba su kai hannun magini muhimmanci ba. Hannun kuwa ana gane shi a inda ba a yi tsammanin za ka duba ba. Zaro aljihun kabad gaba ɗaya ka haska tocila. Wayoyi a ɗaure suke ko a watse? An sa musu roba a inda suka ratsa ƙarfe? An share garin katako ko an rufe shi a ciki? Kabad ɗin da sukuru aka kafa shi a jikin ƙashi, ko da 'yan ƙusoshin inji aka harba a filawud? Wanda ya kula da bayan kabad ya kula da cikin bango.

Rufi da liƙi

Rufi iri uku ne. Akwai shimfiɗar roba, EPDM ko TPO, da ake mannawa a kan filawud. Ba ta da nauyi, ba ta ƙara in ana ruwa, amma reshen itace yana yaga ta, kuma man fetur ko kananzir ko duk wani abin wanki mai mai a ciki yana kumbura EPDM ya sa ta saki. Akwai fallen alminiyom guda, wanda ya fi jure reshe amma ƙanƙara tana lotsa shi. Akwai faiba, wanda ya fi su jure duka biyun, ya kuma fi su nauyi. Ko wanne ne, ba tsakiyar rufi ke yoyo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a gefen abin da aka huda aka saka take.

Yadda ake liƙin daidai shi ne: a shimfiɗa tef ɗin butil, wani baƙi ko toka-tokan danƙo mai laushi, a ƙarƙashin leɓen taga ko fanka, a ɗaure sukuru har ya ɗan fito ta gefe, a yanke rarar, sannan a bi kan sukurun da gefen da liƙin sama. Butil ɗin shi ne ainihin mai tare ruwa, na saman kariya ce gare shi. A kan rufi ana amfani da liƙi mai bajewa da kansa, a bango kuma wanda ba ya zuba. Silikon na banɗaki kuskure ne da ake yawan yi. Yana saki daga gefe ba tare da an gani ba, ruwa ya shiga ta ƙarƙashinsa, kuma ba abin da ke kama wurin da ya taɓa, har da sabon silikon, sai an kankare shi tas. In ka ga tsohon ɗaki an zagaye tagoginsa da silikon mai kauri, ka san an taɓa yin yoyo kuma ba a gyara ba, rufewa aka yi.

A hau rufi a duba liƙi duk wata uku zuwa shida, da kuma bayan kowace doguwar tafiya a hanya mara kwalta. Wurin da ya tsage a wanke, a bar shi ya bushe, a ƙara sabo irin na da. Wanda ya ɓanɓaro a cire shi gaba ɗaya. Goshin ɗakin, wato ɓangaren gado da ke leƙowa a saman kan mota, shi ya fi buƙatar ido. Iska tana tura ruwan sama cikinsa da ƙarfin gudun mota, yana lilo sama da ƙasa a kowane rami, kuma 'yan fitilun da ke jere a kansa kowacce rami ce. Tagar gaban goshi tana da daɗin kallo, amma da za a ba ni zaɓi, wanda ba shi da ita zan ɗauka.

Mai rufin ɗagawa, mai tsayayyen bango, ko mai aljihu

Mai rufin ɗagawa yana tafiya a durƙushe, in an tsaya a ɗaga rufin, bangon tamfol ya miƙe. Nauyinsa kan kama daga wajen kilo 400 zuwa 800, cibiyar nauyinsa tana ƙasa, iska ba ta kaɗa shi, yana shiga ƙarƙashin itatuwa. Four Wheel Campers, da ke yin irinsa tun 1972, ƙashin alminiyom suke yi masa don ya bi murɗewar mota. Shi ne zaɓin mai ƙaramar mota da mai shiga daji. Kulawarsa a tamfol take. In an naɗe shi da danshi, a buɗe shi ya sha iska cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, kuma tabonta ba ya fita. Wajen saukar da rufi a tabbata tamfol ya naɗe ciki, bai maƙale a baki ba, don nan yake hujewa. Sandunan gas masu taimakon ɗagawa suna raunana da shekaru, musamman in an ƙara farantin sola a sama, amma canza su aikin minti kaɗan ne. A manta sakata ɗaya ta rufi a hau hanya, wannan kan lanƙwasa rufin gaba ɗaya. Ba ya tare sanyi da ƙara kamar bango, banɗakinsa kuma in akwai ƙarami ne.

Mai tsayayyen bango ba abin da ke motsi a jikinsa sai ƙofa da tagogi, shi ya sa ya fi su ƙarancin lalacewa. Farashin hakan tsawo ne da nauyi: mota da ɗaki kan wuce mita 3, wasu su kusa 4. Rubuta tsawon a manna kusa da sitiyari, don gada da rumfar gidan mai ba sa gargaɗi sau biyu.

Mai aljihu kuwa, wato wanda wani ɓangarensa ke zamewa waje kamar aljihun tebur, yana ba da fili sosai. Amma an yanke babban rami a bangon da ya kamata ya riƙe ɗakin, an ƙara inji da haƙoran ƙarfe da robobin bakin rami, an ƙara kilo ɗaruruwa. Manyansu masu aljihu biyu ko uku suna wuce kilo 2,000 a bushe, sai mota mai taya huɗu a baya. Robobin suna son wanki da man da aka yi don su, saman aljihun a share ganye kafin a mayar da shi, kuma kada a motsa shi da raunannen batir, don injin gefe ɗaya kan riga ɗaya ya karkace. Tambayi yadda ake mayar da shi da hannu in inji ya ƙi, ka sa a nuna maka. Duba kuma ko ana iya shiga banɗaki da buɗe firji yana rufe. Wanda zai zauna wuri ɗaya makonni da iyali, ya dace da shi. Wanda zai yi ta bin hanya mai gargada, ya bar shi.

Jak da maɗaurai

Idan aka sauke ɗaki, nauyinsa duka yana rataye ne a kan faranti huɗu da aka ɗaure a kusurwoyi. Kusurwa kuma nan ruwa ke taruwa. Faranti mai kyau yana naɗe kusurwar ta gefe biyu, wani ma har ya tallafo ta ƙasa, da notin da ya ratsa ya kama ƙarfe a ciki. Tsatsa na gangarowa daga kan sukuru, ko liƙi ya tsage a gefen farantin, ko jak ya ɗan karkata, duk alamar abin da ke ciki ya yi laushi ne. Jak na lantarki ya fi sauƙi ga mutum ɗaya, na hannu ya fi ƙarancin abin lalacewa, na mai kuma yana zubar da mai in robarsa ta tsufa. Kowanne ne, a miƙe shi a goge ƙafar, a sa masa mai ko giris yadda kamfanin ya ce, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wajen ɗagawa, a nemi ƙasa mai tauri da ta daidaita, a cire maɗaurai da wayar lantarki tukuna, a fara da gaba, a riƙa ɗagawa kamar santimita 10 a kowane zagaye. Kada gaba ya taɓa yin ƙasa da baya, domin nauyin goshi zai iya kifar da ɗakin. Ba a yin wannan aiki cikin iska mai ƙarfi, ba a kuma barin kowa a ciki.

Maɗauran da aka kafa a shasin mota sun fi waɗanda aka kafa a kwanon bodi ƙarfi, kuma ga ɗaki mai nauyi su ne kawai abin yarda. Na gaba su ja zuwa gaba, na baya su ja zuwa baya, a samu masu sifirin a ciki don su sha jijjiga. Yawan ɗaurewa yana fizge ƙugiyar daga jikin ɗakin, kuma wannan ɓarna ce da ake gani sosai a tsofaffin ɗakuna. A shimfiɗa tabarmar roba a bodi. Rigar roba mai tauri da ake sakawa a bodin wasu motoci santsi gare ta, a cire ta. A bar tazarar 'yan yatsu tsakanin goshi da rufin mota, don shasi na lanƙwasa su haɗu.

Kayan ciki

A nan kamfanoni ba su bambanta sosai ba, tunda kusan duk wurin masu ƙera kaya ɗaya suke saye. Firji mai aiki da gas ba ya cin batir sosai, amma yana son a tsaya daidai. In ya yi aiki a karkace fiye da kamar digiri 3, ruwan cikinsa ya daina zagayawa, bututu ya toshe a hankali, ba kuma ya warkewa. Warin amoniya ko garin rawaya a bayansa na nufin ya mutu, a kashe shi nan take. Firji mai kwamfireso bai damu da karkata ba, ya fi sanyi a lokacin zafi, sai dai yana son batir da sola isassu.

Batirin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, nauyinsa kuma ya kusa kilo 30. Na litiyom mai wannan girma bai kai rabin nauyin ba, ana cin kusan dukansa, amma ba a cajinsa in sanyi ya kai digiri sifili, kuma yana son caja da ta san shi. Siririyar wayar da ke zuwa daga mota ba ta cika batir yadda ya kamata, sai an sa waya mai kauri da na'urar daidaita caji tsakanin batirin mota da na ɗaki.

Tankin ruwan sha a wanke shi da bilic, kamar mililita ɗaya ga kowace lita, a bar shi awa huɗu, a zubar, a ɗauraye har wari ya tafi. Tukunyar ruwan zafi ta ƙarfe tana da wata sanda da ake sakawa don tsatsa ta ci ta a maimakon tukunyar, a zaro ta duk shekara, a canza in kashi uku cikin huɗu ya tafi. Inda ruwa ke daskarewa, a zubar da komai kafin hunturu, a busa bututu da iska da ba ta wuce awo 30 zuwa 40 na ma'aunin taya ba, ko a cika su da ruwan hana daskarewa da aka yi don bututun ruwan sha. Na lagireton mota guba ne. Haɗin gas a gwada shi da ruwan sabulu, kumfa na nufin yoyo. Na'urorin gargaɗin gas da na hayaƙi mai kisa suna da ranar ƙarewa a bayansu, yawanci shekara 5 zuwa 7.

In na hannu za ka saya

Je da tocila, da tsani, da na'urar auna danshi. Hancinka ne zai fara aiki: warin rima, ko turaren da aka fesa da yawa, duka abin tuhuma ne. Ɗaga katifa ka danna kusurwoyin goshi da babban yatsa. Danna bango a ƙarƙashin kowace taga, da silin a gefen fanka, da bene a bakin ƙofa da gaban banɗaki. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari yana kan hanyar ruɓewa. Fita waje ka tsaya a kusurwa ka kalli bango a tsaye da hasken rana, tudu ko igiyar ruwa a fatar faiba sakin fata ne. Kwanta ka duba ƙarƙashin fikafikai da inda ƙugiyoyin maɗauri suke. Kwance sukuru ɗaya ko biyu daga ƙarfen kusurwa ta ƙasa in mai shi ya yarda: in ya fito da tsatsa ko baƙin gari a zarensa, ruwa ya riga ka zuwa.

Sa a ɗaga ɗakin a kan jak a gabanka, ka saurara, ka kuma gwada ƙofa yana sama. Ƙofar da ke rufuwa a kan mota amma ta ƙi a kan jak tana gaya maka ƙashin ya saki. A kunna firji tun daren jiya, a cika tanki, a kunna injin tura ruwa a rufe duk kan famfo. In ya riƙa tashi da kansa bayan 'yan mintoci, akwai inda ruwa ke fita. Sabon ɗaki ma a yi masa wannan dubawar kafin a sa hannu, a karanta kuma sharuɗɗan garanti, domin da yawa ba sa biyan ɓarnar ruwa in ba a nuna ana duba liƙi a kan lokaci ba. Ajiye rasit da hotuna masu kwanan wata.

Wajen ajiya, a sauke shi ƙasa-ƙasa, a tallafi benen da katakai ko benci mai ƙarfi don kada jak su ɗauki nauyin su kaɗai, gaba ya ɗan fi baya tsawo don ruwa ya gangara. Inuwar rumfa ta fi komai. In babu, a sa riga mai numfashi, ba tamfol na leda ba, wanda ke tara gumi yana kuma goge fata in iska na kaɗa shi. A cire kan batir, a jingine katifa, a bar ƙofar firji da ta kabad a buɗe, a ɗan ɗaga murfin fanka ɗaya.